Izinin Fayil da Maɓallin Rufe Zango

A wata makaranta mai zaman kanta da ke Tudun Wada, nan Kaduna, ni nake kula da kwamfutar da ke riƙe da sakamakon ɗalibai. Tsohuwar kwamfutar tebur ce, tana zaune a ofishin ma'aji, na sa mata Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, da Apache mai miƙa shafukan yanar gizo, da PHP da ake rubuta shafukan da shi, da MySQL mai riƙe rumbun bayanai. Malamai suna shigar da maki ta burauza, a kan layin cikin makaranta, ba sai da intanet ba. Idan zango ya ƙare aiki biyu ke saura: a kwashe rumbun bayanan gaba ɗaya a ajiye kwafinsa a faifan waje, sannan a fitar da katin sakamakon kowane yaro a PDF domin a buga. Wani gajeren rubutun umarni na shell, wato shirin da ke karɓar umarni a Linux, shi ne yake yin duka biyun, na sa masa suna `rufe_zango.sh`.

Ni kaɗai nake iya kunna shi, kuma a Barnawa nake zaune, sai na ƙetaro kogi. Shi ya sa Hajiya ma'aji ta ce da ni: "Injiniya, wannan abin da kake zuwa ka buga a baƙin allo, ba za ka mayar mana da shi maɓalli ba? Ranar raba kati iyaye ba sa jiran kowa." Na ce, "Hajiya, gaskiyarku ce, in Allah ya yarda za a yi." A raina aikin layi uku ne na PHP: shafi mai kalmar sirri, maɓalli ɗaya, da `shell_exec` da zai kira rubutun.

Na rubuta, na danna. Shafi ya juya ya dawo fari fat. Babu PDF, babu kwafi a faifai, babu ko saƙon kuskure. Na koma taminal, wato baƙin allon da ake buga umarni, na kunna rubutun da hannu, ya yi aikinsa tsaf kamar kullum.

Wannan shirun shi ne abu na farko da ya kamata a kawar, domin ba a gyara abin da ba ya magana. Kowane shiri a Linux yana da mafita biyu: ta ɗaya sakamako ke fita, ta biyu kuma kuka da ƙorafi. `shell_exec` ta farkon kawai yake dawo wa PHP da ita. Abin da ya fita ta biyun, a irin haɗin da nake da shi, yana zarcewa ne zuwa fayil ɗin da Apache ke rubuta kurakuransa, wato `/var/log/apache2/error.log`. Da na buɗe shi na tarar da layi ɗaya yana ta maimaita kansa, hanyar rubutuna sannan kalmomi biyu: `Permission denied`, wato an hana izini. Sai na bar `shell_exec` na koma `exec`, wanda ke ba da lambar da umarni ya fita da ita, na kuma ƙara `2>&1` a ƙarshen umarnin domin ƙorafin ya biyo hanyar sakamako ya bayyana a shafi. Lambar ta fito 126. Wannan lamba tana da amfani a haddace ta: 127 na nufin shell bai ga umarnin ba kwata-kwata, 126 kuwa ya je wurin amma an hana shi kunnawa.

An hana wa? Nan ne gaɓar. Na sauya umarnin na ɗan lokaci zuwa `id`, na sake dannawa. Shafi ya amsa da suna `www-data`, lamba 33. Ba ni ba ne ke kunna rubutun idan aka danna maɓalli, wani asusu ne daban wanda ba shi da kalmar sirri, ba ya iya shiga kwamfutar ta allo, bai kuma mallaki kusan komai a cikinta ba. Apache yana tashi ne a matsayin root, wato asusun da ke da iko a kan komai, domin ya kama ƙofa ta 80 da buƙatun burauza ke shigowa ta ita, daga nan sai yaran aikinsa da ke amsa buƙatun burauza su sauka zuwa `www-data`. A Ubuntu da Debian an rubuta wannan a `/etc/apache2/envvars`. A dangin Red Hat sunan asusun `apache` ne. Da gangan aka tsara hakan, kuma tsari ne mai kyau. Shafin yanar gizo shi ne fuskar da kowa ke iya taɓawa, saboda haka duk wanda ya samu ɓaraka ta nan, abin da zai samu a hannunsa shi ne ikon wannan ƙaramin asusu, ba ikon mai kwamfutar ba.

Da na san wanda ake hanawa, sai na duba abin da ake hana shi. `ls -l` ya nuna `-rw-r--r--` a gaban fayil ɗin. Haruffa tara na bayan alamar farko kashi uku ne: na mai fayil, na rukuninsa, da na sauran jama'a. A kowane kashi `r` karantawa ce, `w` rubutawa, `x` kunnawa. A lissafi `r` 4 ce, `w` 2, `x` 1, shi ya sa ake jin 644 ko 755: 6 karatu da rubutu, 5 karatu da kunnawa, 7 duka ukun. Fayil ɗina 644 yake, babu `x` ko ga ni mai shi. Dalilin da bai taɓa damuna ba shi ne na saba kiransa da `bash rufe_zango.sh`. A wannan siga bash ne ake kunnawa, rubutun kuwa karanta shi kawai ake yi. PHP kuma yana kiran fayil ɗin kai tsaye da hanyarsa, wanda ke buƙatar `x`.

Na ba shi `chmod 755`, umarnin da ke sauya izini. Na danna. `Permission denied` dai, lamba 126.

A nan mutane da yawa ke fara zargin kwamfutar, alhali ita tana kan ƙa'idarta. Izinin fayil ba ya wadatarwa sai an samu izinin wucewa ta kowace folda da ke kan hanyar zuwa gare shi. A kan folda, `x` ba kunnawa take nufi ba, ratsawa take nufi. Kamar a ba baƙo makullin ɗaki ne a cikin gida alhali ƙofar zaure a garƙame take: makullin gaskiya ne, amma ba zai kai ga ƙofar da zai sa shi ba. Akwai umarnin da ke bin hanyar daki-daki yana nuna izinin kowane mataki:

`namei -l /home/ofis/aiki/rufe_zango.sh`

Tushen `/` a buɗe, `home` a buɗe, sai `ofis` ya nuna `drwxr-x---`. Wato 750: mai gida da rukuninsa kawai, sauran jama'a babu ko ratsawa. Tun daga fitowar 21.04 Ubuntu ya koma ƙirƙirar foldar gida ta sababbin asusu da 750 maimakon 755 da aka saba. Shi ya sa mutum zai bi tsohon bayani da aka rubuta a zamanin 18.04 ko 20.04 sau da ƙafa, ya ga bai yi masa aiki ba.

Akwai wani matashi da ke koyon aiki a wurina, yana zaune gefena a ranar. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da saurin hannu. Ya ce, "Oga, mu yi masa `chmod -R 777` mana, ni duk inda na yi haka magana ta ƙare." Ban raina shawarar ba, domin na san daga inda ta fito. Tana aiki nan take, kuma idan shugaban makaranta na tsaye a kanka ga iyaye a bakin ƙofa, abin da ke aiki nan take yana da daɗi. Amma na tsayar da aikin na yi masa bayani, domin a ganina wannan darasin ya fi maɓallin kansa muhimmanci.

777 na nufin kowane asusu a kwamfutar yana iya karanta fayil, ya sauya shi, ya kunna shi. Cikin "kowane asusu" har da `www-data`. Manhajar makarantar tana da wurin loda hoton fasfo na ɗalibai. A ce wata rana wani ya samu hanyar cusa fayil ɗin PHP ta wannan wurin a madadin hoto. Idan rubutun rufe zango a buɗe yake ga kowa, zai iya ƙara layi ɗaya a ciki, ya zauna ya jira ranar da ni ko Hajiya za mu kunna shi da iko mafi girma. Abin da ke cikin kwamfutar nan ba wasa ba ne: sunayen yara, ranakun haihuwarsu, lambobin wayar iyaye, unguwannin da suke zaune, da wanda ya biya kuɗin makaranta da wanda bai biya ba. A garin nan babu wanda ke buƙatar a yi masa dogon bayani kan illar irin waɗannan bayanai su faɗa hannun da bai dace ba. Amana ce iyaye suka bayar ba tare da sun san sunan Apache ba. Ban da haka ma, `-R`, wanda ke bin duk abin da ke cikin folda, a kan foldar gida yana lalata wasu abubuwan: SSH, shirin shiga kwamfuta daga nesa, yana ƙin amfani da makullan da aka bar su a buɗe ga kowa, sai mutum ya wayi gari ya rufe wa kansa hanyar shiga daga nesa.

Abin da na yi shi ne na bar foldar gidan a rufe yadda take, na fitar da rubutun daga cikinta. Na mayar da shi `/usr/local/bin`, inda aka tanada domin shirye-shiryen da mai kula da kwamfuta ya ƙara da kansa. Na sa root ya zama mai shi, izini 755. Kowa na iya karantawa da kunnawa, root kaɗai ke iya sauya ko da harafi ɗaya.

Daga nan na daina gwaji ta burauza. Hanya mafi sauri ita ce ka ari rigar asusun daga taminal:

`sudo -u www-data /usr/local/bin/rufe_zango.sh`

`su`, umarnin komawa wani asusu, ba zai yi ba, domin an ba asusun `/usr/sbin/nologin`, mai hana shiga, a matsayin shell, amma `sudo -u` yana kunna umarni ɗaya da sunansa, kuma duk ƙorafi a gabanka zai zubo. Rubutun ya tashi a karon farko, ya kuma faɗi a layi na gaba. `mysqldump`, umarnin da ke kwashe rumbun, ya ce an hana shi shiga rumbun bayanai. Kalmar sirrin da yake amfani da ita tana cikin fayil ɗin `.my.cnf` a foldar gidana, inda yake dubawa da kansa idan ni na kira shi. Gidan `www-data` kuwa `/var/www` ne, babu irin wannan fayil a can. Faifan waje ma da ke `/mnt/ajiya` ya ƙi karɓar rubutu.

A nan na tsaya na yi tunani sosai, domin hanya ta rabu biyu. Zan iya ci gaba da buɗe wa `www-data` ƙofa bayan ƙofa: in ba shi kalmar sirrin da ke kwashe rumbun gaba ɗaya, in ba shi faifan ajiya. Idan na yi haka, duk wanda ya karya shafin ya samu har tsofaffin kwafin da muka ajiye domin ranar tsautsayi, yana iya goge su. Ajiyar da mai kutse zai iya gogewa ba ta da amfani a ranar da ake buƙatarta. Hanya ta biyu ita ce in bar `www-data` a yadda yake, in ƙirƙiri wani asusu na musamman da zai mallaki kalmar sirrin da faifan, sannan in ba `www-data` izini guda tak: ya ce wa wancan asusun "kunna rubutun nan". Ta biyun na ɗauka. Na ƙirƙiri asusu mai suna `ajiya`, na sa masa nasa `.my.cnf` da izini 600, shi kaɗai ke gani.

Yaron nawa ya sake kawo shawara, wannan karon mai zurfi: a sa wa rubutun alamar setuid da `chmod u+s`, yadda duk wanda ya kunna shi zai gudana da ikon mai fayil ɗin. Tunanin daidai ne, kuma dabarar tsohuwa ce a Unix, Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro ta a Bell Labs, har aka ba da takardar mallakar fasaharta a 1979. Da ita umarnin `passwd` ke iya sauya fayil ɗin da root kaɗai ke taɓawa. Sai dai Linux ba ya kula wannan alama a kan rubutun da ke farawa da `#!`. Za ka sa ta, `ls` ya nuna maka `s` a wurin `x`, amma rubutun ya gudana da ikon wanda ya kira shi kamar ba a yi komai ba. An yi haka ne saboda ɓarakar tsaro da aka daɗe da sani a rubutun shell masu wannan alama. Na bar shi ya gwada da hannunsa ya gani, domin abin da ido ya gani ya fi zama.

Hanyar da ta dace ita ce sudo. Na buɗe sabon fayil da `visudo -f /etc/sudoers.d/rufe-zango`. `visudo` yana duba rubutun kafin ya ajiye, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da kuskure a wannan wurin na iya hana kowa amfani da sudo. A kula da sunan fayil ɗin ma: duk sunan da ke da ɗigo a cikinsa, sudo yana tsallake shi a wannan folda ba tare da ya ce uffan ba. Layi ɗaya na rubuta:

`www-data ALL=(ajiya) NOPASSWD: /usr/local/bin/rufe_zango.sh ""`

Ma'anarsa: `www-data` na iya kunna wannan fayil, shi kaɗai, a matsayin `ajiya`, ba root ba, ba tare da an nemi kalmar sirri ba. Alamun zance biyu na ƙarshe suna hana a ƙara wa umarnin wani abu a bayansa. Na sha ganin inda aka rubuta `NOPASSWD: ALL` domin a huta, kuma wannan ya fi 777 muni, miƙa kwamfutar ce gaba ɗaya ga duk wanda ya karya shafi. A PHP kuma kiran ya koma `sudo -n -H -u ajiya` sannan hanyar rubutun. `-n` na hana sudo tsayawa jiran kalmar sirri da babu mai buga ta, `-H` kuma na tabbatar da cewa gidan `ajiya` ake dubawa, inda `.my.cnf` yake. Babu wani abu da mai danna maɓalli ya rubuta da ke shiga cikin umarnin.

Faifan waje ya zo da nasa salon. Na ce `chown ajiya /mnt/ajiya`, ya ƙi, alhali da sudo na yi. Tsarin faifan exFAT ne, makaranta na so haka domin su iya buɗe shi a Windows. Shi exFAT, kamar FAT32 na yawancin filash, ba ya ajiye mai fayil ko izini irin na Unix ko kaɗan. Ana yanke wanda ya mallaki komai a cikinsa ne a lokacin da ake haɗa shi. Saboda haka gyaran a `/etc/fstab` yake: na sa `uid` da `gid`, wato lambar asusu da ta rukuni, na asusun `ajiya`, da `umask=077` domin kada wani ya leƙa, da `nofail` domin kada kwamfutar ta maƙale wurin tashi idan an cire faifan.

Katunan PDF su ne kaɗai abin da shafin ke buƙatar karantawa, domin Hajiya ta sauke ta buga. Na yi musu folda `/srv/sakamako`, a wajen inda Apache ke nuna wa jama'a, mai ita `ajiya`, rukuninta `www-data`, izini 2750. Lambar 2 ta gaba ita ce alamar setgid. A kan folda tana sa duk sabon fayil da aka ƙirƙira a ciki ya gaji rukunin foldar. Ba don ita ba, kowane sabon PDF zai fito da rukunin `ajiya`, shafin ya kasa buɗe shi, a koma gidan jiya duk ƙarshen zango. A saman rubutun na ƙara `umask 027`, sai fayilolin suka riƙa fitowa da 640: `ajiya` ya rubuta, shafi ya karanta, saura babu. PHP ne ke miƙa katin bayan an shiga da kalmar sirri, babu adireshin kai tsaye da wani zai iya hasashe.

Na danna maɓalli, katuna suka fito, kwafi ya sauka a faifai. Abu ɗaya ya rage yana ɗaure kai. Rubutun yana ajiye bayanin tafiyar aikinsa a `/tmp/rufe.log`, amma idan ta maɓalli aka kunna, fayil ɗin ba ya nan, kuma babu ƙorafi. Wannan ba na `chmod` ba ne. A Ubuntu, systemd, shirin da ke tayar da sauran shirye-shirye, yana tayar da Apache da saitin `PrivateTmp=true`, wato yana ba shi `/tmp` nasa na kansa, kuma duk abin da Apache ya kira yana gadon wannan, har wanda ya bi ta sudo. Fayil ɗin yana can cikin wata folda mai dogon suna da ke farawa da `systemd-private`, wadda root kaɗai ke shiga, kuma ana share ta duk lokacin da aka tsayar da Apache. Ban kashe saitin ba, kariya ce mai amfani. Na buɗe `/var/log/rufe-zango` mallakar `ajiya`, na mayar da bayanin can.

Wanda ke kan Rocky Linux ko AlmaLinux zai iya bin duk waɗannan matakan daidai ya ci gaba da ganin `Permission denied`, domin can wani ƙarin tsarin tsaro mai suna SELinux na zaune a saman izinin da aka saba, yana da nasa alamomin da `ls -Z` ke nunawa, kuma ƙin da ya yi a `/var/log/audit/audit.log` ake ganinsa. Haka nan rubutun da aka gyara a Windows kan zo da ƙarshen layi irin na can, sai ya ƙi tashi ko da izininsa daidai ne; `dos2unix` ke wanke wannan.

Gyara biyu na ƙarshe daga yanayin wurin suka fito. Hajiya ta saba danna komai sau biyu, sai na sa `flock -n` domin kada rubutun ya tashi biyu a lokaci guda su yi karo a kan fayil ɗaya. Na biyu kuma batun wuta ne. Idan aka ɗauke ta aka tayar da janareta, wani lokacin kwamfutar kan tashi faifan waje bai haɗu ba. A wannan halin `/mnt/ajiya` folda ce kawai a kan faifan ciki, kuma in da tana karɓar rubutu, kwafin zai sauka a kan faifan da ake tsoron mutuwarsa, shafi ya ce an gama, kowa ya tafi gida da kwanciyar hankali ta ƙarya. Saboda haka ita wannan foldar ta ƙasa na bar ta a hannun root da izini 755. Idan faifan na haɗe, `ajiya` ne mai wurin. Idan ba ya haɗe, rubutu ya gamu da `Permission denied`, aikin ya tsaya, shafi ya nuna saƙon da na rubuta da Hausa da jan launi: "Faifan ajiya ba ya haɗe. A duba wayarsa, a sake kunna kwamfutar, sannan a sake dannawa."